Mota Mai Taya Tuƙi: Wa Ke Da Lamuni?

A zangonmu na Kumasi, baƙo ba ya sauka yau ya kwashi kaya bashi gobe don kawai fuskarsa ta yi kama da ta mutumin kirki. Sai an tambaya: wa ya san shi, gidan wa ya sauka, wa ya tsaya masa? Haka kakanninmu suka tafiyar da fataucin goro tun zamanin Gwanja. Da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa su, wasu suka yi Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu daga baya suka gangaro Kumasi, da wannan ƙa'ida suka zo. Maigida shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. In baƙon ya gudu da kuɗin mutane kuwa, ƙofar maigidan za a ƙwanƙwasa. Wannan shi ne lamuni, kuma duk ɗan kasuwa ya san ba a yarda da mutum fiye da abin da mai lamuninsa zai iya biya.

Maganar mota ce ta sa na ɗauko wannan. Shekara biyu ke nan ina hawa mota mai aiki da lantarki, wadda ba ruwanta da fetur ko dizal, sai caji. Sana'ata yadi ce, shadda da leshi da atamfa. Shagona yana wajen Alabar, gidana yana Akwatialine, kuma kusan kowane wata sai na gangara Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, wani lokaci har Tema wajen kaya. Tafiyar ta kai kilomita 250 kafin a yi maganar dawowa. Kuɗin mai ne ya kore ni daga tsohuwar motata. Wannan kuwa ina jona ta a gida da dare, in dumsor bai yi halinsa ba, in na isa can kuma in jona ta a gidan ƙanena a Nima. Babu canjin baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Ta ɓangaren aljihu dai, alhamdu lillahi, lissafi ya fita.

Ranar da na je ɗaukarta, wanda ya sayar mini ya daki bayanta ya ce, "Alhaji, wannan ai ita ke tuƙa kanta. Kai dai ka zauna ka ja carbinka har Ankara." Muka yi dariya. Abin da yake nufi shi ne na'urorin da ke taya direba. Akwai kyamara a manne da gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Akwai na'urar rada a cikin bamba, wadda ke aika wani irin sigina ya daki abin da ke gaba ya dawo, ta haka take auna nisa da gudu. In ka kunna su, motar za ta riƙe gudun da ka ba ta, ta bar tazara tsakaninta da ta gaba, ta riƙa ɗan murza sitiyari don kada ka fita daga layinka. In wani abu ya faɗo gabanka, takan yi ƙara, wani lokaci ta taka birki da kanta.

Ba zan ci haƙƙinta ba, tana aiki. A cunkoson Ejisu, ko shigar Accra ta Pokuase, inda mutum ke taka birki sau ɗari kafin ya yi kilomita biyu, ƙafata ta samu hutu. Wata rana a Asawase wani mai pragya ya yanko gabana babu ko waiwaye, motar ta riga ƙafata kama birki. Da tsohuwar motata ce, da sai dai a yi maganar gyara, ko ma asibiti.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Duk mai shago ya san yaron da ya fi haɗari ba shi ne wanda ke kuskure kullum ba, don wannan idonka na kansa. Wanda ya shekara bai ɓatar da ko sidi ɗaya ba, shi ne za ka wayi gari ka daina ƙirga aljihun tebur a bayansa. Jiki yakan riga hankali sakankancewa. Tsohuwar mota da ƙararta da jijjigarta ba ta barin ka manta kana tuƙi. Wannan kuwa shiru take tafiya kamar kwale-kwale, ga sanyi, ga kujera mai laushi, ga sitiyari na motsi da kansa. Awa biyu a haka, ido na buɗe amma hankali na neman ya tafi shago.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗana na fari. Shekararsa 22, bara ya karɓo lasisinsa daga DVLA, kuma shi nake shirin miƙa wa tafiyar Accra, don idona ya fara gajiya da hasken fitilun dare. Shi zai riƙa ɗaukar mahaifiyarsa da ƙannensa in ana biki ko rasuwa a can. Yaron nan wayarsa cike take da bidiyon Turawa da 'yan Sin suna cin abinci ko suna kwance a mota tana gudu. Kullum maganarsa, "Baba, ai ta fi mu gani. Ita ba ta gyangyaɗi, ba ta gajiya." In na ce hannu dai ya zauna a sitiyari, sai ya yi murmushin nan da yara ke yi wa tsofaffi.

A watan Janairu, cikin hazon hunturu, muna dawowa daga Tema. Ni ke tuƙi, shi yana gefena, Hajiya da autarmu suna baya. Mun wuce Nkawkaw bayan isha'i, ba mu kai Konongo ba, a wurin da hanya take hannu ɗaya zuwa, ɗaya dawowa. Na'urar na kunne, muna kan kilomita 80. Sai fitila ta haska mini ɗanyen ganye a kan kwalta, reshe guda. Gaba kaɗan ga wani. Duk wanda ya tashi a hanyoyin nan ya san wannan wasiƙar: mota ta mutu a gaba. Hannuna na kan sitiyari, ƙafata na kusa da birki, yadda kawuna ya koya mini tun ina yaron motarsa. Na taka. Muna shan kwana sai ga babbar mota shaƙe da buhunan gawayi, tsaye a tsakiyar hannunmu, babu fitila ko ɗaya, bayanta baƙi ƙirin kamar daren. Ta ɗaya hannun ga bas ta taho, babu wurin kaucewa. Mun kusa tsayawa cak kafin motata ta yi 'yar ƙararta ta gargaɗi. Hajiya sai salati take. Yaron bai ce uffan ba har muka shiga Konongo.

Da ya buɗe baki sai ya ce, "Baba, lalacewa ta yi." Na kai aka duba, babu abin da ya lalace. Muka zauna da shi muka karanta littafin da ke zuwa da motar, wanda yawancinmu ke jefawa a aljihun gaba har ya yi ƙura. Ga shi nan a rubuce: mai yiwuwa na'urar ba za ta gane abin da ke tsaye cak ba in ana gudu, musamman a kwana, ko da dare, ko cikin ƙura da ruwan sama, kuma direba shi ke da alhakin motar a kowane lokaci. Wato abin da ta yi a daren nan, a wurin masu ita, aikinta ta yi daidai.

Dalilin ba boyayye ba ne. Rada tana jin duk abin da ke tsaye a hanya, allon talla, ƙarfen gada, motar da aka ajiye a gefe. In aka ce ta taka birki saboda kowannensu, ita ce za ta riƙa jawo hatsari. Don haka masu ƙira suka koya mata ta fi kula da abin da ke motsi, ta yi watsi da yawancin abin da ke tsaye in ana gudu. Kyamara kuma da hotuna aka koya mata gane mota da mutum da layin fenti, ga shi tana buƙatar haske kamar idonmu. Wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta bayyana a 2022 cewa birkin nan mai gane mai tafiya a ƙasa yana rage kaɗe mutane sosai da rana ko inda akwai fitilun titi, amma a hanya mai duhu ba a ga bambanci ba. To balle ganye a kan kwalta. A wurinta shara ce iska ta kwaso.

Injiniyoyi sun kasa wannan fasaha mataki-mataki, daga 0 zuwa 5. A mataki na 2, mota na taya ka sitiyari da birki da totur, amma idonka ba ya barin hanya ko na daƙiƙa ɗaya. A mataki na 3 ne kamfani ke cewa ka iya ɗauke ido a wasu wurare da wasu sharuɗɗa. Na 4 shi ne irin tasi marar direba da Waymo ke gudanarwa a wasu biranen Amurka, cikin unguwannin da aka zana taswirarsu ƙwarai. Kusan duk motar da mutum zai saya da kuɗinsa ya kawo Tema yau, ko wane suna mai daɗi aka raɗa wa na'urarta, ba ta wuce mataki na 2 ba. Yaron mota ce mai ƙwazo, ba a ba ta lasisi ba.

Daga nan sai na yi abin da ɗan kasuwa zai yi, na shiga neman mai lamuni. Tambayata guda ce: da mun shige ƙarƙashin motar gawayin nan, ko da mutum ne a tsaye a wurin muka kaɗe shi, wa zai amsa? Wanda ya sayar mini ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ni na ƙera ta ba. Maganar carbi kuma wasa nake." Wakilin inshora ya ce su wanda ke zaune a bayan sitiyari suka sani. Dokar hanya ta Ghana ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012 da direba suke magana, kuma in 'yan sandan MTTD suka iso wurin hatsari, lasisin mutum za su nema. Wani tsohon fita da na daɗe da sani a Magazin na Suame ya ce mini, "Masta, birki da taya da ƙafar mota kawo mana. Wannan ƙwaƙwalwar kuwa, wanda ya sa ta shi ya san abin da ya sa." Kamfanin da ya ƙera ta yana wata nahiya, bai san an yi ruwana ba. Na zaga na dawo, duk yatsu ni suke nunawa.

Bayan sallar asuba na kai maganar gaban malaminmu na unguwa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce wannan ai tsohuwar mas'ala ce, sabuwar riga kawai ta sa. Ya tuna mini da abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid tun muna yara, cewa wanda ke kan dabba, ko mai janta, ko mai korarta, shi ke ɗaukar lamunin abin da ta taka a cikin tafiya. Ya ce, "Alhaji, jaki fa yana da ido, yana da nasa wayon, har hanyar gida ya sani. Duk da haka ba a taɓa kai jaki gaban alƙali ba." Amma bai tsaya nan ba. Ya ce wanda ya sayar da dabba ya ɓoye aibinta, ko ya yabe ta da abin da ba ta da shi, shi ma yana da nasa kason, don wannan algus ne. Kaso biyu ke nan, na mai riƙe da linzami da na mai sayarwa, kuma ɗaya ba ya goge ɗaya.

Abin mamaki, ƙasashen da suka ƙera motocin nan a kan wannan rabon suke ta fama. A watan Mayun 2016, a jihar Filorida ta Amurka, wata Tesla da ke kan Autopilot ta shige ƙarƙashin tirela da ta gitta hanya, direban ya mutu. Kamfanin ya ce na'urar ba ta bambanta farin jikin tirelar da hasken sama ba. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka titi da dare. Masu bincike sun gano na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karo, amma ta kasa tantance ko mene ne, don ba a shirya ta da tunanin mutum zai tsallaka inda ba a zana wurin tsallakawa ba. Ku tsaya ku auna wannan da Kejetia ko Aboabo, inda kowane taku na titi wurin tsallakawa ne. A ƙarshe ba a tuhumi kamfanin da laifin kisa ba. Matar da aka ɗauka aiki ta zauna a bayan sitiyari tana sa ido ita aka gurfanar, ta amsa laifi a 2023.

Sai a watan Agustan 2025 wata kotu a Mayami ta raba laifin gida biyu. Hatsari ne na 2019, direba ya sunkuya neman wayarsa da ta faɗi, motar na kan Autopilot, ta wuce mahaɗa ta daki wasu mutum biyu da ke tsaye kusa da motarsu, budurwar ta mutu. Masu yanke hukunci suka ɗora wa direban kashi biyu cikin uku, Tesla kashi ɗaya, suka ce kamfanin ya biya kimanin dala miliyan 243. Kamfanin ya ce bai yarda ba, zai ɗaukaka ƙara. Shekaru iyalan suka yi suna bin wannan shari'a, da manyan lauyoyi, har sai da aka nemo gwanin kwamfuta ya tono bayanan da motar ta ajiye na daƙiƙun ƙarshe. Wane ne a Akwatialine ke da wannan dogon numfashin?

A ƙasar Sin ma, inda yawancin sababbin motocin lantarki masu sauƙin kuɗi ke fitowa, an ɗanɗana. A ƙarshen Maris na 2025 wata Xiaomi SU7 ta daki shingen kankare a babbar hanya a lardin Anhui, inda ake gyaran titi, 'yan mata uku suka mutu. Na'urar ta yi gargaɗi, ta mayar wa direba da tuƙi, amma saura daƙiƙu kaɗan. Cikin watan da ya biyo baya hukuma ta hana kamfanoni tallata irin waɗannan na'urori da kalmomin da ke nuna mota na tuƙa kanta. Wato abin da mai sayar mini ya kira wasa, a can gwamnati ta ɗauke shi magana mai cin rai.

Ga ma'aunin da na fi yarda da shi, kuma ma'aunin kasuwa ne. Kada ka saurari abin da kamfani ke faɗa a talla, ka duba inda ya yarda ya sa kuɗinsa. Mercedes ta samu izinin mataki na 3 a Jamus a ƙarshen 2021, ta kuma ce in na'urar na riƙe da tuƙi aka yi hatsari ta dalilinta, ita za ta amsa. Sai ka ga sharuɗɗan da ta gindaya da farko: babbar hanyar da ta riga ta zana taswirarta, gudu kada ya wuce kilomita 60, da rana, ba cikin ruwan sama ba, kuma da wata mota a gaba. A 2025 BYD ta ce za ta biya asarar da na'urarta ta jawo a Sin, amma a wajen ajiye mota kawai, inda tafiyar ba ta fi ta kunkuru ba. Ka ga da zarar lamuni ya hau wuyansu, sai fagen ya tsuke. Su da suka ƙera abin, iyakar yardar da suka yi masa ke nan. To ni da ke tsakanin Nkawkaw da Konongo cikin hazo, da iyalina a baya, a kan me zan fi su yarda?

Mu kuma a nan akwai ƙarin matsala da ba ta cikin littafin. Da yawa daga motocin da ke sauka a Tema na hannu ne, wasu daga gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka. Majalisa ta yi doka a 2020 don hana shigo da irinsu, amma aka dakatar da aiwatar da ita a lokacin. Mota ta zo gaba a murƙushe, a miƙe ta, a sa sabuwar bamba da sabon gilashi, a fesa fenti, ta fito kamar amarya. Ita kyamarar da radar fa? Duk lokacin da aka canja gilashin gaba ko bamba, sai an sake saita su da kayan awo na musamman. Karkatar digiri ɗaya tak, a nisan mita 100, ta kusa mita biyu, wato rabin layi. Na'urar za ta kunna, fitilarta ta nuna kore, alhali gefe take kallo. Haka kuma in kamfani ya gano aibi ya yi kiranye, kamar yadda Tesla ta yi wa motoci fiye da miliyan biyu a Disambar 2023 don ƙara tsaurara sa ido kan direba, motar da ta bi ta gwanjo ta canja hannu uku ta tsallaka teku ba lallai saƙon ya same ta ba.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a guji motocin. Suna tafe, ko mun so ko mun ƙi. Gwamnati ta ƙaddamar da manufarta ta motocin lantarki a Disambar 2023 a taron sauyin yanayi na Dubai, kuma kullum sababbi ake gani a titi. Ƙasar da ke rasa fiye da mutum 2,000 kowace shekara a hanya tana buƙatar duk abin da zai rage ko da kaɗan ne. Wanda ya tuna bas biyu da suka yi karo kusa da Kintampo a Maris na 2019, mutum fiye da 50 suka tafi a dare ɗaya, ba zai raina na'urar da ke farkar da mai gyangyaɗi ba. Abin da nake so shi ne a san matsayinta, kuma kowa ya ɗauki kasonsa. Ya kamata hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA ta tsawata wa masu tallar "mota mai tuƙa kanta". DVLA, in ana gwajin lafiyar mota, lokaci ya yi da za a fara duba saitin waɗannan na'urori kamar yadda ake duba birki da fitila.

Kafin hukuma ta motsa, akwai namu. Yaranmu na zango da yawa sana'ar mota suke yi, daga Tema har nan Kumasi. Ɗan'uwa, in za ka sayar, faɗi abin da ta iya da abin da ba ta iya ba. Kalma ɗaya ta zuga ciniki tana iya zama ajalin wani a hanyar Tamale. In kai ne mai saye, tambayi tarihin motar da lambar jikinta, ka ji ko ta taɓa hatsari ta gaba, wa ya saita kyamarar bayan gyara, kuma ina takardar. Tambayi ko kamfanin na da wakili a Ghana da zai karɓe ta in an yi kiranye. In mai sayarwa ya ce tana tuƙa kanta, ce masa ya rubuta ya sa hannu cewa shi ke da lamuni. A nan za ka ga ciniki ya koma gaskiya.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Motar lantarki a hankali ba ta da ƙara, ga nauyin batir. Lungunanmu kuwa cike suke da yara masu dawowa daga makarantar allo, da 'yan kaya ɗauke da kwano a ka ba sa iya waiwaye, da tsofaffi masu zuwa masallaci da kunne suke jin mota. Shi ya sa a Turai aka wajabta wa sababbin motocin lantarki su riƙa fitar da wani sauti in suna tafiya ƙasa da kilomita 20. Tawa tana da shi. Yaron ya so a kashe wai yana damunsa, na ce wannan sautin ba naka ba ne, na mutanen layi ne.

Makon jiya na miƙa masa makulli, amma da sharaɗi, kuma a gaban mahaifiyarsa. Sai da ya yi tafiyar Accra sau uku ina gefensa, na'urar riƙe layi da gudu a kashe, don in ga shi kansa ya iya karanta hanya: ganye, dutsen da aka sa a bayan taya, yaron mota mai kaɗa tsumma, direban trotro da ya fito da hannu ta taga. Birkin gaggawa yana nan a kunne kullum, wannan ba a taɓa shi. Mai riƙe layi da gudu kuwa, da rana kawai, a inda fenti ke fita, hannu biyu a sitiyari. Rana na faɗuwa a kashe. Waya kuma tana aljihun baya har a tsaya. Bayan kowace tafiya a cikin ƙura, ya goge gilashin da ke gaban kyamara kafin ya goge takalminsa.

Ya ce, "Baba, to in haka ne mene ne amfaninta?" Na ce amfanin yaron shago, ya taya ka, ya tuna maka, wata rana ma ya cece ka, amma makullin sito na aljihunka. Hajiya da ke ninke kaya ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni dai in zan shiga, hannun mutum nake so in gani a sitiyari, wanda in na tsorata zan kira sunansa ya amsa." Ranar Asabar zai kai ta Nima wajen suna. Na ce su tashi bayan asuba, su kwana can, kada su kamo hanya da dare. Allah ya kai su lafiya, ya tsare mu da duk masu bin hanya.